Ƙullutun Umma da Tsoron Ƙarfe

Mutanen gidanmu da maƙwabta, har da matan da ke shigowa aron turmi, duk bakinsu ɗaya: wai ciwon daji ba ya son ƙarfe. Da zarar allura ko wuƙar likita ta taɓa shi, sai ya fusata ya bazu a jiki. Ba gaskiya ba ne. Na faɗa a tsakar gida aka ce ba ni da kunya, to ga shi yanzu na rubuta.

A Fagge muke. Ni ce 'yar fari, don haka Umma ko sunana ba ta kira, balle ta gaya mini abin da ke ƙirjinta. Da hanci na gano. Wani wari ya riƙa fitowa daga ɗakinta kamar an ƙona ganye an kwaɓa da man shanu, kuma duk rigar da na wanke mata sai na ga baƙin tabo ta ɓangaren hagu. Ran nan na faɗa ɗakin na same ta tana shafa wani abu baƙi ƙirin a mamanta.

"Umma, mene ne wannan?"

"Ke, fita."

"Wallahi ba inda za ni."

Ta daɗe tana hararata. Can sai ta kamo hannuna ta ɗora a wurin, ta kau da kai. Ƙullutu ne mai tauri, ya kai girman goro. Ta ce ba ya ciwo, kuma tun kafin azumi yake nan.

Gwaggo ce ta kawo maganin shafawar. Yayar Baba ce, a Kwaciri take aure, kuma maganarta a gidanmu ta fi ta mai gidan ƙarfi. Ba muguwa ba ce, kar a ce na ce. Ta taɓa jinyar wata aminiyarta da aka yi wa aiki a mama, matar ba ta daɗe ba ta rasu. Tun daga nan Gwaggo ta ɗaura gaba da asibiti.

Na matsa wa Baba har ya ce mu je. A asibiti Umma ta hana ni shiga, ta ce ba za ta tuɓe a gabana ba. Na zauna a benci ina cizon yatsa. Aka duba ta, aka tura ta hoto, ta koma wurin likita, ta fito tana gyara hijabi.

"Me ta ce?"

"Ta ce za a yi bayofsi."

"Mene ne shi?"

"Ina na sani? Na ce to, Allah ya saka da alheri."

"Umma, ba ki tambaya ba?"

"In tsare likita da tambaya kamar 'yar sanda? Ke dai ba ki da ta ido."

Wata mata da ke kusa da mu a layi, wadda ba wanda ya sa da ita, ta leƙo ta ce, "Ai ƙarfe za a zura miki, baiwar Allah." Shi ke nan. Kafin mu isa gida Umma ta gama yanke shawara, da yamma kuma Gwaggo ta zo ta ƙara ɗaure ta.

"Idan daji ne, kun tsokane shi. Idan ba shi ba ne, me ya kai ku? Ke kuma likitar gida, da sakandarenki za ki kashe uwarki?"

Na ce, "Gwaggo, ke kin san abin da kalmar take nufi?"

"Ba sai na sani ba. Na ga gawa."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne: ina ji a jikina ba daidai suke ba, amma ni ma ban san komai ba. Na duba a waya, Turancin ya fi ƙarfina, hotunan kuma suka hana ni cin abinci. Ƙullutun yana nan, fatar wurin har ta fara saɓulewa saboda shafe-shafe.

A Kasuwar Sabon Gari nake aiki, a shagon kayan kicin na wata Ibo da kowa ke ce wa Madam. A Sabon Gari aka haife ta, in tana zagi da Hausa sai ka rantse 'yar cikin gari ce. Ranar da na miƙa wa mai sayen kula murfin tukunya, ta jira ya tafi sannan ta juyo.

"Ke, saurayi ne ko aljani?"

Na gaya mata komai, har da kalmar. Ta ja ni bayan kwalayen faranti, ta sassauta rigarta ta nuna mini wani ɗan tabo a gefen mamanta.

"Ga bayofsinki nan. Cizon sauron Fagge ya fi shi girma. Kafin in haifi autana aka yi mini, ga shi can yanzu ya fi ni tsawo. In ƙarfe na tayar da ciwo, to fatalwa kike yi wa aiki."

Na yi dariya har da hawaye. Na ce ta zo ta nuna wa Umma. Ta ce, "Haka kawai in riƙa yawo ina buɗe ƙirji gida-gida?" Amma ran Lahadi daga coci sai ga ta a ƙofarmu, da ɗaurin kanta da sai da ta sunkuya kafin ta wuce zaure. Aka yi rashin sa'a, ko sa'a, Gwaggo na nan.

Bayan gaisuwa Madam ta faɗi abin da ya kawo ta. Gwaggo ta taɓe baki.

"Jikinku daban, namu daban."

"Haba Hajiya! Ruwan famfo ɗaya muke sha, ranar da ya ga dama ya zo."

Har Gwaggo sai da ta murmusa, ta yi maza ta gimtse. Madam ta kama hannun Umma suka shiga ɗaki suka saki labule. Ban san me suka ce ba, har yau ban tambaya ba. Na dai ji Umma ta ce, "Ɗan wannan?" Washegari da safe na tarar ta sa hijabin fita tana jirana.

Wannan karon na shiga. Muka yi yarjejeniya: zan juya fuskata bango, amma bakina nawa ne. Likitar matashiya ce, da gani ta gaji. Ta fara magana da sauri, na katse ta ina kallon bango.

"Likita, yi haƙuri. Mene ne bayofsi? Da Hausa."

Umma ta ce, "Ke!"

Likitar ta ce, "Ƙyale ta, Mama. Da kowa zai tambaya da aikina ya yi sauƙi." Ta ce za a kashe zafin wurin, a sa allura a ɗebo ɗan nama da bai kai ƙwayar shinkafa kauri ba, a kai ɗakin awo a duba shi da madubin da ke ƙara girman abu. Ba magani ba ne, bincike ne. Ta ce ƙari iri biyu ne. Akwai wanda yake zaune wuri ɗaya ba ya yaɗuwa, suna ce masa binain. Akwai mai yaɗuwa, shi ne kansa, wanda muke kira daji. Hannu ba ya bambance su, hoto ma ba ya tabbatarwa, sai an duba naman.

Na kawo mata zancen aminiyar Gwaggo. Ta ce ba ta san matar ba, ba za ta yi mata ƙarya a kanta ba. Amma abin da ta saba gani shi ne, mace ta ɓoye ciwo tana shafe-shafe har ya ci jiki, sannan a kawo ta. In ta rasu, sai a tuna da allurar da aka yi jiya, a manta da watannin da aka yi a ɗaki.

Aka yi bayofsin. Umma ta ce hujin kunne ya fi shi zafi. Aka hana ta shafa komai a wurin, ni kuma na kwashe kwalaben maganin shafawar na zubar a kwata ba tare da na nemi izinin kowa ba.

Jiran sakamako ne ya ba ni wuya. Gwaggo kullum sai ta zo ta leƙa fuskar Umma tana neman alamar kumburi. Ba ta samu ba.

Da muka koma, likitar ta ce binain ne. Na gane kafin ta fassara, na dafe bango. Ta ce duk da haka za a cire shi da ƙaramin aiki tunda yana girma. Sai na ji murya a bayana, ƙasa-ƙasa:

"Likita, in an cire yana dawowa?"

Umma ce. Na kusa juyowa. Likitar ta ce yakan yiwu wani ya fito, shi ya sa za ta riƙa zuwa ana dubawa. Umma ta ce, "To. Sa ni barci za a yi, ko ina kallo?"

A gida Gwaggo ta yi hamdala da gaske, har da ƙwalla. Ba a jima ba kuma ta gyara zama ta ce, "Allura dai Allah ya tsare. Amma wuƙa fa? Tunda ba daji ba ne, a bar shi mana." Na ga Umma ta sunkuyar da kai, na san maganar ta fara shigarta.

Na gaji da musu a tsakar gida. Akwai ganin likita sau ɗaya kafin ranar aikin, na riga na roƙi Madam ta ba ni safiyar. Zan tari adaidaita in biya Kwaciri in ɗauko Gwaggo, ko tana so ko ba ta so. Kujerar da ke gaban likita Gwaggo zan ba, ta yi duk tambayar da ke cinta game da wuƙar, ta ji amsa da kunnenta a gaban Umma.