Mai Sanda Ba Ya Ɗauko Ƙwallo

Ranar Juma'a, takwas ga watan Agusta na 2008, bayan la'asar, ina tsaye a filin lodi da ke bayan gidanmu a unguwar Dengfeng ta birnin Guangzhou, ƙasar Sin, sandar wasan kurket a hannuna, gumi ya jiƙa mini hijabi sharkaf. Shekarata tara. Ranar duk Guangzhou hankalin kowa yana kan talabijin, don da daddare za a buɗe gasar Olamfik a Beijing. Masu shaguna sun juyo da akwatunansu suna kallon titi, an jera kujerun roba, jajayen tutoci ko'ina. Ni kuwa abin da na daɗe ina roƙo ya zo hannuna, sandar nan da ban taɓa riƙewa a tsakiyar fili ba. Sai dai na duba gabas na duba yamma, babu ko yaro ɗaya da zai jefo mini ƙwallo.

Bari in koma baya kaɗan. Babanmu ɗan Kano ne, yana sayen takalma da jakunkuna a kasuwar Sanyuanli yana aikawa gida, ya kuma ɗauko mu muka zauna tare da shi a wani ɗan gida hawa na shida. Umma ba ta iya zama haka nan ba, sai ta shiga dafa tuwo da miyar kuka wa 'yan kasuwar da cikinsu ya gaji da taliyar 'yan Sin. Ni da Yaya Sadiƙ mu ne masu kai kuloli masauki-masauki, mu ne masu shanya a jikin gorar da ke wajen taga, mu ne masu ninke kwalaye. Da hantsi mu je wajen wani ɗalibi ɗan Nijar ya biya mana karatu a falonsa. In mun gama duk wannan, sai ƙasa, shagon Caca.

Caca Rashid ɗan Pakistan ne, dattijo mai jan gemu na lalle da gwiwa mai ciwo, yana da ɗan gidan abinci a ƙasan benenmu. A yarensu caca shi ne baffa, kowa kuma haka yake kiransa, har alhazan da suka girme shi. Hausarsa ta wajen masu cin gurasarsa ce, duk ta karkace, mace yakan ce mata "kai", amma ba ya jin kunyar yin ta. Yana da dish a kan rufi da wata tsohuwar talabijin a saman firij, kuma tashar da ke nuna kurket kyauta take zuwa. Duk yaron da ya leƙo, Caca zai ce ya shigo ya zauna a kan buhun fulawa. A nan muka fara ganin wasan. Da farko dariya muka yi ta yi. Umma da ta sauko wata rana karɓar albasa ta tsaya ta kalla, ta ce, "Ikon Allah, ƙarti da muciya a hannu, ba tukunya ba wuta!" Amma ba a yi wata guda ba muka kamu. Muna ganin mutum ya sheƙo da gudu ya wulwula hannu ya saki ƙwallo, muna ganin wani ya make ta ta tashi sama, sai ƙafafunmu su fara ƙaiƙayi. Ana tafiya hutu a talabijin, mu kuma sai fili.

Filin nan da safe na motocin da ke kwasar kaya zuwa tashar jiragen ruwa ta Huangpu ne, da yamma namu. Bilal ɗan Caca shi ne mai sanda. Ƙwallon kuwa ta tanis ce da muke naɗewa da jan salatif na masu gyaran wuta. Mukan tsayar da kwalin takalma a bayan mai bugu, aikinsa ya kare kwalin ya kuma make ƙwallo. In ƙwallo ta taɓa kwali, ko wani ya cafe ta a sama, ya mutu, sai na bayansa ya karɓa. Yara kuwa tuli: 'yan Kano, 'yan Nijar, 'yan Mali, 'yan Pakistan, har da Shawlon, ɗan matar da ke gadin ƙofarmu, wanda in an ce ya mutu sai ya daka tsalle yana ihun "Meyo! Meyo!", wato babu, bai yarda ba. Ba mu da yare ɗaya, amma rigima ba ta taɓa gagararmu ba.

Doka ɗaya ce ba a taɓa ta. Mai sanda shi ke fara bugu, daga shi sai a bi tsawo, dogo kafin gajere. To ni ce mace tilo, ni ce kuma guntuwar cikinsu. Wurina can ƙarshen fili ne, bakin lambatu, inda ƙwallo ke son faɗawa. Ni ce mai shiga ƙarƙashin mota, ni ce mai zura hannu cikin ruwan ƙazanta, ni ce mai zuwa ba wa mai shagon waya haƙuri. Kullum ina lissafin saura wane da wane layi ya zo kaina, kullum kuma kafin ya zo magariba ta yi. A can ba a jin kiran salla a lasifika, Umma ce ladaninmu: ta leƙo daga hawa na shida ta buga ludayi a ƙarfen taga, kwal-kwal-kwal, wasa ya tashi. Gobe kuma a sake farawa daga Bilal. Wallahi abin yana ci mini rai. Na yi kuka, na yi zuciya, na kai ƙara wajen Baba, ya ce shi bai san shari'ar muciya ba. Yaya Sadiƙ kuwa tsokana ce kawai tasa: "Ki yi haƙuri, Hajiyar Lambatu, mai haƙuri yakan dafa dutse." In ce masa ni ba dutse nake so ba, sanda nake so. In ba kowa a gida sai in ɗauki muciyar Umma in yi ta gwaji a lungu da dunƙulen safa, har ranar da ta kama ni ta ja mini kunne.

Ana nan, wajen farkon shekarar Olamfik, wata rana muka shiga shago muka tarar talabijin ta yi shuɗi, da ɗan rubutu a tsakiya. Bilal ya hau rufi ya juya dish, ya sauko, ya sake hawa. Caca ya yi ta buga waya yana magana da yarensu da ƙarfi, daga ƙarshe ya ajiye ya zauna. Ya ce mana, "An sayar da wasa." Muka ce wane wasa, ai ga sandarmu nan. Sai ya yi mana bayani da karkatacciyar Hausarsa: wani kamfani ya saye izinin nuna wasan shi kaɗai, ya kulle, yanzu sai mai kati, katin kuma biya ne duk wata, ba a ma sayar da shi a garin sai an shigo da shi daga waje. Manyan 'yan kasuwa kaɗan sun samo sun sa a falukansu, suna kallo da 'ya'yansu ƙofa a rufe. Mai gidan abincin da ke sayar da gurasa da wake ba shi da wannan halin. Na tuna na tambaye shi, to su masu wasan sun san an kulle su? Ya yi dariya har da tari, amma idonsa bai yi dariya ba.

Ni ce na gano dabara, kuma har yau ina alfahari da ita. Na lura in ka canza tasha ka dawo, hoton yakan fito na ƙiftawar ido kafin shuɗin ya rufe shi. Sai na karɓi rimot, na hau kan buhu, in danna sama in danna ƙasa, sama, ƙasa. Mu ga mai jifa ya taso, shuɗi. Mu ga sanda a sama, shuɗi. Mu ga mutane suna rungume juna, shuɗi. Abin da ya faru a tsakani Caca ne ke cike mana, yana daga tsaye da ludayi a hannu, rabi gaskiya rabi ƙari. Karon farko ke nan da aka ce "a ba Hauwa, ita ta iya". Babban yatsana har ya yi kanta. Amma kallon sata ba ya riƙe yaro. Ana haka wannan 'yar kafar ma suka toshe ta, ya zama ko ka danna sai shuɗi tsantsa.

A daidai lokacin kuma tashoshin ƙasar, waɗanda ba kati ba dish, ba su da zance sai Olamfik. Shagon aski, shagon waya, cikin bas, ko'ina 'yan ƙwallon tebur ne da 'yan kwando da masu ninƙaya. Yaro kuwa abin da ya gani shi yake kwaikwaya. Shawlon ne ya fara zamewa, aka gan shi da ɗan faranti yana buga ƙwallon tebur a kan wata tsohuwar ƙofa. 'Yan Mali suka bi ƙwallon kwando. Yaya Sadiƙ ya ce shi ɗan tsere ne, ya yi ta zagaye unguwa yana haki. Wasu iyayensu suka koma gida don takardar zama ta yi wuya a shekarar. Sababbin yaran da suka zo kuwa ba su taɓa ganin kurket ba. Da, sai su zauna kan buhun Caca su kalla, kafin magariba suna roƙon a sa su. Yanzu sai su tsaya su ga muna gadin kwalin takalma, su yi dariya su wuce. Ni kuwa, Allah ya sani, duk wanda ya tafi sai in ji daɗi, in ce layi ya rage mutum ɗaya, faɗuwa ta zo daidai da zama. Hankalin yarinta bai ba ni cewa waɗanda ke gabana a layi su ne kuma masu jifa da masu cafewa ba.

Haka muka yi ta raguwa har ranar Juma'ar nan. Na sauko bayan na kai kulolin Umma, na tarar da Bilal shi kaɗai a bakin fili, ya ci kwalliya za shi wajen babban allo da aka kafa a bakin titi. Ya miƙo mini sandar yadda ake miƙa tsintsiya, ya ce, "Riƙe, na bar miki," ya ruga. Na tsayar da kwali, na gyara tsayuwa yadda na gani a talabijin, na ɗan bubbuga sandar a ƙasa. Shiru. Sai hayaniyar talabijin daga kowane shago. Na ƙi yin kuka don taurin kai, na kuma ƙi tafiya.

Caca yana jawo ƙofar shagonsa zai rufe sai ya hango ni. Ya tsaya yana kallona. Sannan ya saki ƙofar a rabi, ya goge hannu a jikin rigarsa, ya ɗingiso ya ɗauki ƙwallon. "Beti," ya ce, haka yake kirana, wato 'yata, "kai tsaya da kyau. Ido a ƙwallo." Ba zai iya gudu ba, daga tsaye ya wulwula hannu. Na kuskure ta farko, na kuskure ta bayanta, har ɗaya ta kwantar da kwali, ya yi kamar bai gani ba yana gyaran hula. Can sai na ji ta, tas, a tsakiyar katako, daɗin ya bi hannuna har kafaɗa. Ƙwallo ta tashi ta wuce kan Caca, ta dira, ta gangara, ta faɗa lambatu, daidai inda na saba tsayawa. Muka yi tsaye ni da shi muna jiran a jefo ta. Sai da muka ɗan jima sannan na tuna ni ce mai jefowar.

Na ajiye sanda zan ruga. Caca ya ɗaga hannu ya daka mini tsawa irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba: "A'a! Mai sanda ba ya ɗauko ƙwallo." Ina tsaye ina kallo dattijon nan ya taka har ƙarshen fili yana jan ƙafa, ya dafa bango, ya durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, ya naɗe hannun riga ya zura hannu cikin ruwan da na fi kowa sanin warinsa. Ya dawo yana goge ƙwallon a wandonsa, ya sake jefowa. Ya yi ta jifa yana ɗaukowa har Umma ta buga ludayi. Ranar ban ji haushin ludayin ba, don na ga yadda yake haki. Ba a sake buga kurket a filin nan ba, a iya sanina.

Yanzu ina Kano da 'ya'yana uku. Caca mun rabu da labarinsa tun da muka dawo, in yana raye Allah ya ba shi lafiyar gwiwa, in ya riga mu Allah ya sa ya huta. Wasan yana nan a talabijin, amma can a cikin tsarin biyan tashoshin da ya fi kowanne tsada, wanda ba mai saya a layinmu, don haka yaran unguwarmu ba su san akwai shi a duniya ba. Sandar tana bayan ƙofar ɗakina. Kwanaki na tarar babbar 'yata tana kaɗe katifa da ita. Na karɓa, na naɗe ƙwallo da salatif, na fita da su tsakar gida na tsayar da kwali, na yi bayani har bakina ya bushe. Suka saurare ni don ladabi, manyan suka sulale ɗaya bayan ɗaya, aka bar ni da autata, guntuwa kamar ni a lokacin. Ta ce ita za ta gwada. Ta make ƙwallon ta shige ƙarƙashin tankin ruwa, ta ajiye sanda za ta bi ta, na ce ta tsaya inda take. Sai da na durƙusa a ƙasa na san abin da gwiwar Caca ta ji.