Mama Dinah, mai renon mabiyiya

Kafin kowa ya iso ɗakin bincikenmu, Mama Dinah ta riga ta wanke hannu har gwiwa, ta leƙa akwatin ɗumi ta gaishe da mutanenta. Mutanen nan ƙwayoyin halitta ne da ake cirowa daga mabiyiya, ana renonsu a 'yan kwalabe don a ga yadda zafi da iska ke sauya musu hali. Ban taɓa ganin masu tsirfa irinsu ba. Ɗumi ya ɗan ragu su yi fushi, ka yi tari kusa da su su mutu. Ita ke musu wanke-wanke, ita ke rugawa ta tayar da janareta in an ɗauke wuta. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Da Khairat, ɗaliba mai neman digirin dakta, ta zo Kafanchan, ta yi wata da watanni ba ta samu ko ƙyallin mabiyiya ba. Abin da ake binnewa a gida, wa zai ba ka? Saura ƙiris ta tattara ta koma. Mama Dinah ce ta zauna da wata mai jego da surukarta, Kaka Asibi ta Madakiya, har suka yarda a yanki kaɗan, da sharaɗin in an gama a dawo da shi gida.

Daga nan Kaka ta mayar da mu ɗakin jinya, bini-bini tana tafe dubiya. Ran da ta ji an rage iskar da ake ba rabin ƙwayoyin da gangan, sai ta dire kwandonta.

"Kun shaƙe shi ke nan? Ku ba ni abuna yanzu. In ya sha wahala, jikana zai ji a jiki."

Idon Khairat ya ciko, don in Kaka ta janye, aikinta ya tashi. Mama Dinah ta ce, "Kaka, cikin da ya fito, akwai windo?"

Kaka ta ce, "Babu."

"To, irin gidansa muka yi masa."

Ƙwayoyin da aka rage wa iska kuwa suka yi ta hayayyafa, na sararin iska suka tsufa da wuri.

Da aka gama, ƙa'ida ta ce a ƙone. Mama Dinah ta tsare Oganmu a ofis har ya yarda a dafe kwalbar a tukunyar kashe cuta a ba ta. Ta hau acaɓa sai Madakiya. Silvanus, uban yaron, ya haƙa rami har ƙugu, sai ga kwalba kamar ɗan yatsa. Ya dubi ramin, ya dubi kwalbar, ya ce, "Mama, sauran yana hanya?" Haka aka binne, Kaka ta yi addu'a, aka ci tuwon acca.

Mama, ke ce mai riƙe alkawari ko da ido ba ya ganin abin da aka yi shi a kai. Sunanki ba ya kan takardar digirin Khairat, amma saboda ke mata suka daina gudunmu. Mun gode, Allah ya saka miki. Mu da muka rage, mu koyi halinki da gaggawa: Kaka Asibi ta aiko cewa surukarta ta kusa sake haihuwa, tana tambaya wa za ta damƙa wa mabiyiyar. Har yau babu wanda ya ce shi ne.