Irin Waken Baba a Bakin Maliya

A garinmu Mai Wurno idan mutum ya ce ya tafi bahar, kogi yake nufi. Tekun gishiri kuwa Maliya muke ce mata, ita ma a bakin alhazai muka san ta. Wannan ɗan bambancin ne ya cuci mahaifina, kuma da hannuna a ciki.

Da yaƙi ya kore mu daga gida, Port Sudan muka faɗa, muka cunkushe a ɗaki guda a gidan mijin ƙanwata. Baba tun tasowarsa noman bakin kogi ya sani: ruwa ya janye, ya bi laka ya shuka wake. Bai fito da komai ba sai ƙullin irin wake a tsumma, da shi yake matashin kai. Muddin ƙullin nan yana nan, a wurinsa ba mu yi ƙaura ba, baƙunta muka zo. Wata biyar bai leƙa ƙofar gida ba, abinci ma sai an yi da gaske.

Surukin nasa dakon kifi yake yi da mota. A can gaɓar teku ya girma, Hausarsa ta gudu ta bar shi da Larabci. Ran nan ya ce zai je wani ƙauye a bakin bahar, wuri mai shiru, mu zo da tsoho ya sha iska. Baba ya ɗago kai ya tambaya ko ruwan wurin yana janyewa. Shi kuwa ya ce ƙwarai, yana ja yana dawowa. Na ga inda zancen ya karkace, amma na ja bakina na tsuke, don rabon da in ga tsohon nan ya nemi takalmansa har na manta. Ya sa ƙullin a aljihu.

Ƙauyen 'yan bukkoki ne na katako, sai kwale-kwale a kife da awaki masu kiwon kwali. Masuntan suka amsa sallamarmu suka ci gaba da ɗinkin koma. Tsakaninmu da ruwa tuddan rairayi ne fari fat, iska na kwasa tana watsa mana a ido. Ka yi taku biyu, rairayi ya maido ka ɗaya. Na riƙe Baba, yana haki yana ture hannuna.

Da muka kai sama ya daɗe yana hange, yana neman tsallaken ruwan. Babu tsallake. Ya gangara, ya ɗebi ƙasa ya murza, ta tsiyaye ko kama hannu ba ta yi ba. Sannan ya durƙusa ya yi bisimilla ya kamfata ya sha, yadda ya saba a gida. Ya furzar, ya yi ta tari.

"Wagga ai Maliya ta," in ji shi. "Kai ka sani?"

Na ce na sani. Bai zage ni ba, kuma da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Ya yi alwala da ruwan, ya yi azahar a kan rairayi, muka koma gida a motar cikin ƙarnin kifi.

Da la'asar sakaliya ya kira ƙanwata ya miƙa mata ƙullin, ya ce ta ɗora a wuta. Ta ja da baya, ta tuna masa abin da shi ya koya mana, cewa ko yunwa za ta kashe manomi ba ya cin irinsa.

"Halas, ya ƙare, ɗiyata. Dahwa shi, kada ƙwari su riga mu."

Waken bai cika kwano ba. Baba ne ya fara sa hannu, ya tauna a hankali yana kallon bango. Ni ma na ci, don ina jin yunwa. Waken ya yi daɗi, kuma har yau abin yana ci mini rai.