Kwanon Mama da Barkonon Ɗan Caina

Shekarar da muka koma Unguwar Boro a Kaduna, wani ɗan Caina ne yake haya a gidan da ke jikin namu. Injiniya ne, aikinsa a Abuja yake, amma ya ce hayaniyar can ta ishe shi. Ran Litinin da sassafe ya kama jirgin ƙasa, ran Juma'a da yamma sai ga shi da 'yar jakarsa. Duk layin Oga muke ce masa, shi kuma kowace mace Mama ce a wurinsa, har 'yata mai shekara tara. Hausarsa cikin cokali ce, sauran da Turancin buroka yake cikawa.

A layinmu ba wanda ke cin shinkafar Kirsimeti shi kaɗai, sai an zuba wa maƙwabta. Ni kuwa son a sani ya kwashe ni. Na ce kada baƙo ya koma ƙasarsu ya ce 'yan Filato a roba suke ba mutane abinci. Na buɗe kabad na ɗauko kwanon marigayiya mahaifiyarmu, fari mai jan fure, wanda ta zo da shi ɗakin aure. Ba nawa ba ne ni kaɗai. Yayata da ke Jos ta bar min ajiya ne, za ta zo ta karɓa da Ista don ta sa a kayan auren 'yarta. Na shaƙe shi da shinkafa da cinyar kaza na miƙa wa Oga, ya karɓa da hannu biyu yana ta sunkuyawa.

Kwana uku shiru. Sati biyu shiru. Kwano ya shiga gidan Oga ya yi zamansa.

Na ce wa maigidana ya je ya karɓo. Ya dube ni ya ce, "Ni da gemuna in je in ce wa baƙo ba ni kwano? Ke da kika kai, ai kin san hanya." To ni ma kunya ba za ta bar ni ba. Wa ya taɓa bin sawun kwanon da ya kai da kansa?

Sai na haɗa baki da maƙwabciyata, 'yar Ibo mai shagon kayan gyaran mota a Sabon Tasha. Ran Asabar, daidai lokacin da Oga yake wanke takalmansa a ƙofar gida, ta fito da tasa cike da lemo tana ɗaga murya: "Ga kwanonki na dawo da shi! Mu nan in an ba ka abinci, kwano komawa yake yi, kuma ba ya komawa wofi!" Ni ma na amsa da ƙarfi kamar muna wasan kwaikwayo a coci. Oga ya ɗago, ya gyaɗa kai, har da 'yar tafi. Muka jira. Ko murfi ba mu gani ba.

Wata ranar na leƙa ta katanga ina shanya. Ga kwanon Mama a barandar Oga, cike da ƙasa, wani tsiro ya fito a ciki yana ta annashuwa. Murfin kuwa an sa shi a ƙarƙashin kwanon ya zama abin tare ruwa. Wayyo Allah! Kwanon da ko tuwo ba mu yarda mu zuba a ciki! Raina ya ɓaci har na kasa cin abinci ranar.

Ista ta matso, Yaya ta fara kira. Ni kuma na shirya sata. Na je na ce wa Oga, da murmushina na munafunci, in yana Abuja shukarsa za ta sha wahalar zafi, ya bar min makulli in riƙa ba ta ruwa. Bawan Allah ya yi ta godiya, ya ba ni makulli.

Ran Talata na shiga da tsohon bokitin fenti. Na tuge shukar na dasa a ciki, na juye ƙasa, na ɗaga kwanon sama. Rana ta leƙo ni ta huda biyar. Da ƙusa ya huda gindin, a jere, tsaf, aikin injiniya. Na zauna a barandar mutum na yi kuka na ƙoshi.

Ran Alhamis Yaya ta iso. Ta juya kwanon, ta sa ido a huda ɗaya ta kalle ni ta ciki. "Ke dai tun kina yarinya iyayi zai kashe ki," ta ce. Ta ɗauki murfin ta sa a jaka. "Na ɗauki rabona. Ki riƙe rariyarki."

Me zan yi da rariya? Ga shukar Oga ta langwaɓe a bokitin fenti, gobe kuma Juma'a. Na koma da gudu na mayar da ita cikin kwanon, na tokare ta da tsinke, na yi mata addu'ar da ban taɓa yi wa wata shuka ba. Da ya dawo ya tarar rabin ganyen ya zube, ya tambaye ni ina murfi. Ban ko ƙifta ido ba na ce akuya ce ta shigo. Ya ce akuyar Kaduna ba ta da kirki, na ce wallahi kuwa.

Da ruwan fari ya sauka, wata Asabar aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Oga ne, ya sa riga mai guga, ya rungumo kwanon Mama. Shukar ta farfaɗo, da barkono huɗu jajaye sirara a jikinta. Ya ce shi bai iya girkin da zai ba mutane ba, ko shi da ƙyar yake cin nasa. Amma irin barkonon nan daga lambun mahaifiyarsa ya taho da shi, kuma ita ma ta rasu. Ya so ya kawo da yawa, akuya ce ta ɓata masa lissafi.

Ya miƙo min da hannu biyu. "Mama, kwano ba ya komawa wofi. Yi haƙuri, ya daɗe."

Maigidana yana bayana yana tari na ƙarya. Na karɓa, ƙasa tana zubo min a zane ta hudojin nan biyar, na rasa inda zan sa fuskata.

"Oga," na ce, "akuyar nan fa, ni ce."