Ƙarshen Labarin Macijin Tafki

Mahaifina malami ne, amma ba irin wanda ake zuwa karɓar rubutun sha wurinsa ba. Shi asalin abubuwa ne ya dame shi: wane iska ke zaune a wane dutse, me ya hana wasu dangi cin naman damo. Duk abin da ya ji sai ya rubuta da ajami, ya sa a gefen takarda daga bakin wa ya fito. Malaman Illela suna yi masa tsiya, wai mai tara ƙaryar tsofaffi.

A shekarun da Nasara suka kafa turakun iyaka tsakaninsu da Faransa aurena ya mutu, na dawo gida. Sai ya mai da ni kunnensa, tunda shi ba ya shiga cikin gidajen mutane. Ni kuwa dama akwai son jin ƙwaƙwaf.

Wata rana ya aike ni Tozai wurin wata tsohuwa, in ɗauko labarin macijin da ya ba mutanen farko tafki. Ta ba ni labarin har inda suka karya alkawarin da suka yi masa, sai ta tsaya. Wai ƙarshen yana wurin yayarta, ita kuma turaku sun bar ta a can ƙetare. Na ji kunyar komawa da rabin labari, sai na ƙera ƙarshe a hanya: maciji ya yi fushi, ya rikiɗa ya zama kuka mai rassa biyu.

"Mi tac ce daga nan?" in ji Baba, da na dawo na faɗa masa har inda tsohuwar ta tsaya.

Na faɗa. Ya ɗan dube ni, ya tsoma alƙalami.

Abin ya yi shekaru yana cina, domin na sa ƙarya a takardun mutumin da bai taɓa rubuta abin da bai tabbatar da tushensa ba. Har a bakin rijiya na ji mata suna ba da labarin kukata, wai tun kaka da kakanni.

Bayan rasuwarsa na sa ƙanena ya nemo takardar don a kankare wurin. Ya karanta mini gefenta: "Farko daga tsohuwar Tozai. Ƙarshe daga ɗiyata, kukar ƙofar gidanmu ta ara. A bar shi."

Na yi kuka, na kuma yi dariya. Ba a kankare ba.