Kawu da Kalmar "Match"

Jiya ina ƙyasta ashana, sai marigayi kawuna, tela a Zongo, ya faɗo mini a rai.

Ina karatun Ingilishi a Lamorde lokacin da wata 'yar Gana ta kawo masa atamfa, ta ce ya ɗinka mata riga da ɗankwali, ɗankwalin ya yi "match". Bai gane ba. Gudun ɓata kayan mutane, ya ajiye almakashi har na zo.

"Ɗiyata, match ba wasan ƙwallo ba ne?"

"Shi ne, Kawu. Ashana ma match ce. Ita kuwa nufinta launi ya dace."

Ya gyara tabarau, yatsunsa duk alli. "Ikon Allah! Kalmomi ne suka ƙare wa Turawa? Nemo mini sauran."

Sai bayan rasuwarsa na samo ma'ana ta huɗu: wanda ya kai mutum, tsaransa. Shi kam ban ga nasa ba. Allah ya haskaka kabarinsa.