Ƙasar da Yaya Ba Ya Takawa

Yayanmu ya shiga soja ina ɗan firamare, ya bar aiki ina da furfura. Injiniya ne. Shekarunsa na farko gadoji ya gina da hanyoyi, ya haƙa rijiyoyin burtsatse a barikoki, kuma duk zuwansa gida sai ya tsaya kan wani kwalbati a hanyar Roni ya yi wa wanda ya gina shi tatas. Inna, mahaifiyarmu, ba ta taɓa gane aikinsa ba. Idan mata suka tambaye ta sai ta ce, "Magini ne, sai dai da kaki."

Da rikicin Arewa maso Gabas ya yi tsanani, lokacin yana Kanar, aka ba shi rundunar da ke shiga gaban ayarin motoci tana neman bama-baman da aka binne a hanya. Suna da na'ura, amma ya fi yarda da ido. Abin da yake koya wa sojojinsa shi ne, ƙasar da aka taɓa launinta daban, laushinta daban, duk inda ka ga sabuwar ƙasa ka tsaya. Wata rana ya duba wata hanya da kansa, ya ce a wuce. Motar da ke bayan tasa ta tashi da duk waɗanda ke ciki. Matarsa ce ta faɗa min wannan, shi bai taɓa ɗauko maganar ba.

Ya yi ritaya yana Birgediya, ya dawo Kazaure. A nan muka ga abin da aka dawo mana da shi. Yana bin kwalta, yana bin kan dutse, amma ƙasar da fartanya ta taɓa ba ya takawa. Ya sayi gona wajen Gwiwa, da an yi huɗa sai ya tsaya a bakin titi yana kallonta. Mutanenmu kuwa ba a raba su da tsegumi. Suka ce Janar ba ya son takalminsa ya ɓaci. Har faɗa na yi da wani a kasuwar Babura a kan wannan magana, ban kuma iya faɗa masa dalili ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da ciwon Inna ya yi nauyi ta kira mu ƙauye. Ta riƙe hannun Yaya ta ce, "Kai za ka shiga kabari ka karɓe ni. Ka yi wa gwamnati gini ka gaji, ni ma ka gyara min makwancina."

"In sha Allahu, Inna," in ji shi.

Ta rasu da hantsi, tsakiyar damina. Aka yi mata wanka da sutura, aka sallace ta a ƙofar gida. Yaya ya sa kafaɗa ya ɗauki makara ta gaba, wasu suna karɓar juna, shi ya ƙi saki. Hanyar mai tsakuwa ce, tafiya yake kamar kowa. Har na fara gode wa Allah.

Ashe a makon samarin gari sun yi gayya sun nome maƙabarta saboda macizai. Daga bakin shinge har ƙarshenta ja take jawur, ko'ina an juya ƙasa. Yaya ya tsaya cak, makara ta tsaya da shi. Wani ya zaci gajiya ce, ya zura kafaɗa ya karɓe shi, aka wuce da Inna.

Na koma wurinsa. Gumi ya jiƙa masa gaban riga.

"Yaya, kai ake jira."

"Na sani."

"Ga sawun mutane nan, duk sun wuce lafiya."

"Motata ma ta wuce lafiya," in ji shi.

Can ya cire takalmansa ya ajiye. Ya ce, "Shiga gaba. Yi a hankali, in sa ƙafa inda ka ɗaga." Mutumin da duk aikinsa shi ne a gaban jama'a, yau ni yake roƙo in shige masa.

Muka fara tafiya. In ɗaga, ya sa. Wani lokaci ya daɗe a tsaye yana duban wurin kafin ya yarda. Daga can ina jin Liman yana tambaya ina babban ɗan mamaciyar. Hadari ya haɗo ta gabas, gawa kuma ba a ajiye ta jiran kowa. Na ɗaga hannu ina roƙo a dakata. Aka ɗan dakata, gaskiya. Sai na hango Kawu, ƙanin Inna, yana naɗe hannun riga yana sauka cikin kabarin. Ban faɗa wa Yaya ba, kansa yana ƙasa. Na ji haushinsu ranar, kuma har yau yana nan, ko da yake na san ba su saɓa wa addini ba.

Kafin mu isa an jera itace, an yaɓe da laka, an ja ƙasa. Mutane suka dare suka ba mu wuri. Kawu yana kakkaɓe hannu ya ce, "Sai yanzu, Janar?"

Yaya ya tsaya daga nesa da kabarin, inda sawuna ya ƙare, ƙafarsa ta ƙi ƙara gaba. Ya miƙo min tafin hannunsa. Na duƙa na ɗebo ƙasa na zuba masa. Ya yi bisimilla ya watsa, ta zube a tsakani, ba ta kai ba.